Ranar da Malam Sabi'u Ya Zaunar da Tsoho a Benci

Shekara uku ke nan, amma wata Laraba ta zangon farko ta ƙi fita daga raina, ban kuma sa ran za ta fita ba. Ku da aka turo mana bana kun ishe ni da tambaya ɗaya: me ya sa Malam Nasiru, wanda ya fi ku sanin ƙwallo, ba ya shiga gasar fantasin da kuka buɗe? Wani a cikinku ma cewa ya yi tsoron shan kaye nake. To ku gyara zama. Ba a wannan makarantar abin ya faru ba. A wata sakandare ce cikin garin Rano, inda na shekara goma sha ɗaya ina koyar da labarin ƙasa, ba kuma zan kama sunanta ba.

Saboda manyanmu da ba su san wasan ba, bari in fara da shi. A waya ake yinsa. Manhaja ce ke ba ka kuɗin ƙarya, ka shiga kasuwar 'yan ƙwallon Ingila ka zaɓo mutum goma sha biyar. Sha ɗaya ka sa su a fili, huɗu ka zaunar a benci. In ɗan wasanka ya ci ƙwallo a wasan gaske, ko ya ba da aka ci, ko mai tsaron gidanka ya tashi ba a zura masa ba, sai a rubuta maka maki. A cikin sha ɗayan nan kana naɗa kyaftin, wanda makinsa ninki biyu ne, da mataimakinsa, wanda muke kira bayis. Ranar Juma'a ko safiyar Asabar ake rufe ƙofa, bayan nan ba sauran gyara. Ba a zuba sisi, ba a cin sisi. Abin da ake ci kawai shi ne bakin magana ranar Litinin.

Mu goma sha huɗu muke yi. Muna da guruf ɗinmu a waya mai suna Ɗakin Manajoji. Na makaranta kuwa, wanda Firinsifal da kowa ke ciki, sunansa Ɗakin Malamai. Bayis Firinsifal da kansa, Malam Auwalu, yana cikinmu. Guguwar Zinyau ya sa wa kulob ɗinsa, kuma duk ya fi mu cika baki.

Sunayen Turawan nan ba sa zama a bakinmu, don haka kowane ɗan wasa mun raɗa masa namu. Akwai Dogo, akwai Mai Kitso, akwai wani mai tsaron gida da muke ce wa Rariya. Akwai kuma wani ɗan gaba da ya kwana biyu, gashi har ya fara barinsa, muna ce masa Tsoho. Inda gizo ke saƙar shi ne, tun kafin a san da fantasi, Tsoho ne sunan da malamai ke kiran Firinsifal Alhaji Garba da shi in ya ba da baya. Shi ma ya sani sarai.

Malam Sabi'u shi ne malamin lissafinmu. Lokacin da na zo makarantar, sai da na yi wata biyu kafin in ji muryarsa. Shekararsa ashirin da ɗoriya yana koyarwa, yaran da ya koyar sun dawo sun wuce shi a mataki. Kujerarsa tana lungu kusa da tagar da ba ta buɗuwa, ya zauna ya duba littattafan yara, ya tashi. Da an kaɗa ƙararrawar tara zai hau babur ya tafi gida, minti biyar ne. Mahaifiyarsa, Inna, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta kuma karɓar abinci a hannun kowa sai nasa. Ya juya ta, ya ba ta koko, ya dawo kafin a koma aji. Saboda ita ne bai taɓa neman canji ba, ko da aka yi masa tayin zama Siniya Masta a wata makarantar.

Ni na sa shi a wasan, da ƙyar. Na ce masa lissafi ne zalla, ba ruwansa da son wani kulob. Ya karɓi wayar yana yatsina fuska. Mako uku bayan nan, sai ga Malam Sabi'u da sabon littafi mai layi, ya ja jadawali da rula: wa ke buga wa a gida, wa ya ji ciwo, makin kowa in an raba da yawan wasanninsa. Alli da Allo ya sa wa kulob ɗinsa. Mutumin da ba ya magana ya koma shi ke fara isowa ranar Litinin, yana tsaye a ƙofar ɗakin malamai yana jiran mu.

"Manaja Nasiru, sannu da asara! Wa ya ce ka amince da Rariya? Ko yarana na aji ɗaya sun san abin da rariya ke yi da ruwa."

Ranar na fara sanin yana da wushirya. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, lissafinsa kullum daidai, ƙwallo kuma ba ta san lissafi ba. Hakan bai dame shi ba. Har aji abin ya bi shi. Da makin 'yan wasa ya riƙa koya wa yara fitar da matsakaici, yaran da ke gudun darasinsa suka koma rigegeniyar zaman gaba. Wata rana muna cin gyaɗa a gindin darbejiya ya ce mini, "Nasiru, shekara ashirin ina jiran wani ya yanke hukunci a kaina a ofishin da ban taɓa shiga ba. Nan kuwa ni ke sauke mutum, ni ke ɗora wani. Ko Inna ta ce na yi haske."

A wancan zangon Alhaji Garba saura masa wata goma ya cika shekara talatin da biyar a aikin gwamnati ya ajiye. Raɗe-raɗi ya cika gari cewa an kai takardar ƙorafi ofishin shiyya, wato ofishin da ke kula da makarantun yankin, ana so a sauke shi kafin lokacinsa. Ba wanda ya ga takardar. Amma shi ya sa a ransa akwai ta, ya kuma sa a ransa Bayis ne ke bayanta. Ya zama kamar wanda ya taɓa taka maciji, kowace igiya sai ya yi tsalle. A cikin wannan hali ya fitar da sanarwa cewa kada malami ya ƙara shiga aji da waya. Yawancinmu a aljihu muke sa ta mu kashe mata murya. Malam Sabi'u ne kaɗai ke bin dokar, ya kulle tasa a durowa.

Ranar Larabar, ya dawo daga wurin Inna a gurguje, saura minti biyu ya shiga darasi biyu a jere. Yana tsaye ya danna waya ya yi magana a ciki, ya jefa ta durowa, ya ɗebi alli ya fita. Wayoyinmu suka yi ƙara tare. Wani ya kunna a fili. Har yau zan iya maimaita shi kalma da kalma:

"Jama'a, ni dai na yanke shawara. Tsoho ya gama yawo. Mako huɗu ke nan ba ya tsinana mana komai sai cin tsohon suna. Na zaunar da shi a benci, na miƙa wa Bayis ragama. In ya ƙara mako ɗaya a haka, wallahi sayar da shi zan yi. Mu goma sha huɗu ne, mai hankali ya biyo ni kafin Juma'a, kada wani ya ce ban gaya masa ba."

Muka kwashe da dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba, domin malamin Turanci ya ɗago kai ya ce, "Kai, ku duba inda ya tura." A Ɗakin Malamai ya tura. Daga ofis kuma muna jiyo saƙon yana tashi a wayar Firinsifal.

Ajin da Malam Sabi'u ke ciki bai fi taku arba'in daga inda muke ba. Ana jin muryarsa ta taga. Da wani ya ruga ya kira shi, da mun ɗunguma mu sha huɗu zuwa ofis da wayoyinmu a hannu, da an yi dariya an tashi. Na miƙe, Allah ne shaidata na miƙe. Sai masinja ya leƙo ya ce Firinsifal na kiran Bayis, yanzu-yanzu. Na koma na zauna in ga abin da zai dawo da shi.

Minti ashirin Malam Auwalu ya yi. Ya dawo hularsa a karkace, gumi har wuya. Ya zauna ya ciro waya. Sai muka ga rubutu ya fito a Ɗakin Manajoji: Malam Auwalu ya fita. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar na ga yadda ake yi. Wane ya fita. Wane ya fita. Muna zaune ɗaki ɗaya, ba mai kallon wani, sai yatsu ke aiki. Malama Binta mai koyar da kimiyya, wadda ba ta san kyaftin ba balle bayis, ta dube mu ta ce, "Ku da kuke cika mana kunne kullum da Tsoho da Dogo, yau duk kun kurmance? Ku tashi ku je ku yi wa mutumin nan bayani mana." Wani ya ce mata maganar maza ce.

Ni ma na fita. Dalilina kuwa takarda ce. Kowace shekara malami na cike fom ɗin ƙarin girma, akwai wani gurbi a ƙarshe da shugaban makaranta ke rubuta ra'ayinsa ya sa hannu. Layi ɗaya marar daɗi a gurbin nan ya isa ya zaunar da kai shekara uku. Nawa fom ɗin yana kan teburin Alhaji Garba a makon, bayan shekara shida ina jira. Na ce wa kaina Sabi'u zai nuna wayarsa, magana ta mutu, ba sai da ni ba.

Kafin a tashi an ba Malam Sabi'u kwiri. Kwiri takardar tuhuma ce, ana ba ka awa ashirin da huɗu ka kare kanka a rubuce, kwafinta kuma yana shiga fayil ɗinka. Tuhumar ita ce haɗa baki da tunzura malamai a kan shugabanci. Ni ne sakataren kwamitin ladabtarwa na makarantar, don haka washegari da ya kawo amsarsa aka kira ni in zauna in rubuta abin da aka ce.

Ya shigo da fara'arsa, yana ganin abin dariya ne. Ya durƙusa ya gaisa, ya miƙa wayar da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga Tsohon da nake nufi. Bature ne, ko hanyar Rano bai sani ba. Ga shi nan a benci. Wannan kuma mai harafi a kafaɗa shi ne bayis ɗin."

Alhaji Garba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ba wawa ba ne. Na ga lokacin da ya gane, domin kunnuwansa sun motsa. Amma tun jiya ya buga waya shiyya ya ce ya kama masu ƙulla masa tuggu da muryarsu. Magana zarar bunu ce. Yaya mai saura wata goma zai sake bugawa ya ce ashe da wani Bature mai sanƙo yake faɗa?

"To su waye sha huɗun?"

Malam Sabi'u ya buɗe guruf ɗin don ya nuna masa. Na tabbata tun jiya ya ga abin da ke ciki, amma ina jin ya ɗauka zuwa safiya za mu dawo. Sunansa ne kaɗai a ciki. Ya rufe wayar, ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda sun fita, ba ni zan shigo da su ba."

"Ka ce kana saye kana sayarwa, ana ci ana faɗuwa. Malam Sabi'u, a garinmu me ake kiran wannan?"

"Ba kuɗi a ciki, ranka ya daɗe."

"Wa zai shaida?"

Da rana aka janye kwiri na farko aka ba shi na biyu: caca a harabar makaranta, da koya wa ɗalibai ita a cikin aji. Kun san abin da kalmar nan take nufi a kan malami a ƙasar nan. Uba zai yafe maka dukan ɗansa, ba zai yafe maka wannan ba.

Ranar Litinin kwamiti ya zauna: Bayis shugaba, Siniya Masta, da ni mai biro. Duk mu ukun manajoji ne. Malam Auwalu yana so ya wanke kansa a wurin Firinsifal, sabulun da ya samu kuma shi ne Sabi'u. Mutumin da makon jiya ya hau kujera yana ihu don kyaftin ɗinsa ya ci uku, shi ne ya gyara murya ya ce, "Wannan kyaftin da kake ta faɗa, ka yi wa kwamiti bayani, mene ne shi?"

Malam Sabi'u ya dube shi, ya yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yana gaban ɗan aji ɗaya. Bai yi gatse ba. Da gatsen ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A ƙarshe ƙa'ida ta ce a tambayi wanda ake tuhuma ko yana da shaida. Bai kira sunana ba. Juyowa kawai ya yi ya dube ni. Na buɗe baki, Bayis ya riga ni: "Sakatare ba ya ba da shaida, doka ce." Gaskiya ne, doka ce. Akwai kuma wata dokar da ta ce sakatare na iya ajiye biro ya ce a nemo wani ya riƙe, shi yana da magana. Na san ta, ni na kwafe dokokin da hannuna na manna a bango. Na sunkuyar da kai na rubuta: Wanda ake tuhuma bai gabatar da shaida ba.

Bayan mako uku takarda ta zo daga shiyya. Ba a kore shi ba, an ce an yi masa sassauci saboda daɗewarsa. An mayar da shi wata ƙaramar makaranta can bayan Kibiya, ya kama aiki nan take. Tafiyar fiye da awa ce a babur da rani, da damina kuwa sai yadda rafi ya ce. Ya shiga wurin Alhaji Garba ya roƙe shi saboda Inna. Ina jin su ta ƙofa. "Malam Sabi'u, ni ma ina da uwa a da. Amma takarda ta fita daga hannuna." A makon aka sa hannu a fom ɗina. An rubuta cewa ni mutum ne mai biyayya da riƙon amana.

Ba a yi masa walimar ban kwana ba. Ya kwashe littattafansa a buhu ya ɗaure a bayan babur. Ba a yi wata guda ba aka buɗe sabon guruf da wani suna, Guguwar Zinyau ta ci gaba da kaɗawa. An sa ni, na fita.

Sai bayan shekara guda na sake zama da shi. An tura ni sa ido a jarrabawar ƙarshe, aka kuma rasa inda za a jefa ni sai makarantarsa. Na so in ƙi, ba hali. Ya tarbe ni da hannu biyu, ya sa aka kawo fura da nono mai kyau daga rugar da ke bayan makaranta. Ya rame, ya koma shirunsa na da. Na tambayi Inna. Ya ce ya yi wata biyu yana zuwa yana dawowa kullum, abin ya gagara, ya kai ta gidan ƙanwarsa a Rurum. Ranar Juma'a yake ganinta. Ya ce sauran kwanakin cokali biyu take karɓa ta kau da kai, ran Juma'a kuwa sai ta cinye kwano.

Don in sauya magana na ce, "Manaja, ina Alli da Allo? Ko rashin sabis ne?"

"Akwai sabis a kan tudun can. Na hau sau biyu. Na sami maki tamanin a wani mako, na juya in gaya wa wani, sai shanu." Ya ɗan murmusa. "Wasan ba shi da laifi, Nasiru. Da mutane ake yinsa."

Na fara haɗa kalmomin da na shekara ina shiryawa. Ya ɗaga hannu.

"Da na fito daga aji ranar, na buɗe durowa, na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Takwas na farko ban ji komai ba. Ina ta ja ƙasa ina cewa, in dai Nasiru na nan, mu biyu mun isa. Kai ne na tara." Ya tura mini ƙwaryar. "Sha, kada ta tsinke. Na yafe maka tuntuni, don in samu in yi barci."

Na sha. Ban taɓa shan abu mai wuyar haɗiya kamar furar nan ba.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, ku kuma riƙe shi tun kuna sababbi. Mun iya zagin shugabanni a ɗakin malamai, kowa gwani ne. Amma Alhaji Garba tsoho ne mai tsoro da kunyar janye magana, iyakarsa ke nan. Shi kaɗai bai isa ya raba mutum da uwarsa ba. Sai da ya sami mutanen kirki goma sha uku, masu salla a sahun gaba, masu koya wa yara faɗin gaskiya a taron safe, kowanne da fom ɗinsa a kan tebur.

Ku yi wasanku, ban hana ku ba, na ga yadda ya tashi mutumin da aiki ya kashe da ransa. Sai dai wanda kake dariya da shi ranar Litinin, ka tambayi kanka ko za ka iya taku arba'in saboda shi ranar Laraba. Ni an tambaye ni. Amsata tana cikin fayil ɗin Malam Sabi'u, da rubutun hannuna.